Manzo da Daɓen Ɗakin Haihuwa

Ni Zaliha, unguwarzoma ce a likitar garinmu, nan tsakanin Tamaske da Garhanga. Manzo kuwa taubashina ne, ɗan kawuna. To kun ga duk abin da zan faɗa a kanshi halal ne gare ni. In ya ji zafi shi zo shi same ni, ya san gidanmu.

Shekara tara Manzo na zuwa ci-rani Abijan. Abin da shike yi can kowa ya sani, baro shike turawa a kasuwa, don waɗanda sunka zauna ɗaki guda da shi sun faɗa. Amma bari shi sauko daga mota da tabarau a goshi, sai ka rantse shi ya gina birnin. In ka ce ka ga jirgin sama, shi ya taɓa canza mishi taya. In ka ce haƙori na maka ciwo, ya taɓa riƙe wa wani lokotoro Bature fitila, kuma a ƙarshe ma shi ya nuna wa Baturen haƙorin da za a cire.

Abu guda ne ban taɓa jin Manzo ya yi cika baki a kai ba. Ɗiyanshi uku, babu wanda ya ga ranar sunanshi, duk ta waya anka gaya mishi. Ga matarshi Dije da cikin wata takwas, ga rumbu ya kusa kaiwa ƙasa. In bai samu aiki a gida ba, dole shi hau mota kafin wata shi mutu, na huɗun ma a haife shi ba ya nan. Wannan abu na cin shi ƙwarai, ni na sani.

Ana nan sai daɓen ɗakin haihuwarmu ya farfashe, har kunama ta fito daga tsaga ta kusa harbina. Wani poroje na masu ba da taimako ya aiko mana kayan gyara: injin gurzar siminti, da bokitai na wani ruwan shafe mai ƙyalli da suke kira razin, da kwali guda na kayan kare jiki. Ma'aikacin da zai zo daga Tawa ya aiko cewa sai bayan makonni. Shugabar likitarmu, Majo Balkisu, ta ce ita ba ta iya jira. Duk wanda ya gyara ɗakin, sunanshi za ta tura a gurbin manebur, wato mai shara da gyare-gyaren likita, albashi duk wata.

Kafin ta rufe baki sai ga Manzo.

"Razin? Madam, ai ni da razin tare munka tashi. Babbar likitar Abijan, hawa bakwai, wa kike jin ya shafe ta?"

Na ce, "Da baro ka hau hawa bakwan?"

"Madam, ki kori wagga mata daga nan, hassada ce ke damunta tun muna ƙanana."

Majo ba ta son dogon zance. Ta buɗe kwalin, ta fiddo wata farar riga haɗe da wando da hula.

"Wagga za ka fara sawa."

Manzo ya yi tsalle baya. "A'uzu billahi! Likkafani za ki sa mini da raina?"

"Rigar aiki ce, Manzo."

"Fara sol, babu aljihu, ta rufe mutum daga kai har idon sawu. In ba likkafani ba ce, mi ce?"

Ta fiddo abin rufe hanci mai gwangwanaye biyu a kumatu, ta ce shi ke tare ƙura da warin razin.

"Takunkumi? Ni raƙumi ne? Wa na ciza?"

Na ce, "Ba ka ciji kowa ba, amma da an sa maka shi tun shekara tara, da gari ya huta."

Na ƙarshe wani takalmi ne mai ƙusoshi a ƙasa, ana ɗaura shi da maɗauri. Majo ta karanta takardar da ke cikin kwalin: da shi ake taka razin tun yana ɗanye, ƙafa ba ta taɓa shi, ramukan ƙusar kuma su rufe da kansu. Manzo ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wanda ya rubuta takardar ga bai taɓa zuwa Abijan ba. Waɗanga kayan ƴan koyo ne, Madam. Mu manya, mu ke zaɓar namu."

Ranar kasuwar Tamaske ya tahi zaɓar nashi. Ya dawo da baƙar rigar ruwa ta leda, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya fita rana. Ya samo baƙin tabarau na masu walda. Ya sayi rawani kamu goma wurin wani Buzu mai gishiri, ya ce shi ya fi kowane takunkumi tare ƙura, tun da Buzaye sun ratsa sahara da shi. Ya ari takalman roba na masu garkar albasa. Sannan ya bi Illa mai kabu-kabu, maƙwabcinshi, ya ari hular kwanonshi.

Illa ya ce, "Yaƙi za ka, Manzo?"

"Aikin ilimi ne, ba za ka gane ba. Kai dai ka zo ka tada mini gurup, injin ba da wutar nan, ka tsaya waje."

Da safe ya shigo likita cikin shigar nan. Rawani a ciki, hular kwano a bisa, jelar rawanin na jan ƙasa. Akuyar Majo da ta gan shi sai da ta tsinke igiya. Ya shiga ɗakin ya rufe ƙofa, ya rufe tagogi duka biyu.

Majo ta buga ƙofar. "Buɗe tagar, takarda ta ce a bar iska!"

"Don a sace mini sana'a? Zaliha na nan tana leƙe, na san ta!"

Gaskiya ne, ina leƙe ta tsagar taga. Illa ya tada gurup, injin ya ɗau ruri. Abin da na gani shi ne, ba Manzo ke tura inji ba, inji ke yawo da Manzo. Ya kai shi bangon gabas, gum! Ya kwaso shi ya kai shi na yamma, gum! Shi kuma da tabarau ɗin walda ko tafin hannunshi ba ya gani.

Na ɗaga murya, "Manzo, lafiya?"

"Lau! Gwajin bango nike!"

Bai rufe baki ba jelar rawani ta faɗa cikin injin. Wayyo Allah! Injin na naɗewa, Manzo na warwarewa. Hular kwano ta yi sama ta bugi kwanon rufi, shi kuwa shina juyawa kamar mazari, kamu goma cif, sai da rawanin ya ƙare. Na ƙwalla wa Illa kira, ya kashe gurup.

Da ƙofa ta buɗe ƙura ce ta fara fitowa, sannan wani abu fari fat mai baƙaƙen idanu. Matan da sunka zo awon ciki sunka watse, wata ta bar takalmi, wata tsohuwa ta zauna daɓas tana salati. Abin ya ɗaga hannu guda.

"Ku kwantar da hankalinku. Haka ake yi a Abi..."

Sai ya zube. Da munka cire mishi takalman roba, ruwan da ya zubo daga ciki ya isa a yi alwala. Gadon da ke kusa shi ne na haihuwa, wanda munka fiddo baranda saboda aikin, nan munka shimfiɗe shi. Majo na ɗura mishi ruwan gishiri da sukari, ni ina mishi fifita.

Da ya buɗe ido na ce, "Sannu, ƴar uwa. Shekarata ashirin a aikin ga, ban taɓa karɓar mai gemu bisa gadon ga ba. Yunƙura, kan ya kusa fitowa."

Illa ya faɗi ƙasa don dariya. Manzo ya harare ni, ya ce ba suma ya yi ba, hutun ƙwararru ne, minti goma-goma ake yin shi.

Majo ta so ta kore shi nan take. Dije ce ta zo da tsohon cikinta, ta tsaya bakin ƙofa tana murza bakin mayafi. Majo ta dube ta, ta yi tsaki.

"Saboda wagga baiwar Allah zan bar ka, Manzo. Amma kayan kwali za ka sa, taga kuma a buɗe."

"Takunkumin na yarda. Ƙusoshin ma na yarda. Likkafanin ne ba ni sawa, ko a kore ni."

Haka anka shirya. Washegari ya sa takunkumi da tabarau mai haske, ya gurje daɓen tas, ko tari bai yi ba. Da ya fito ya gaya wa mutane cewa dama irin wanga takunkumin shi ya ba poroje shawara su saya.

Saura shafa razin. Manzo ya bi gari gida-gida shina gayyata, har ya aika Garhanga. Ranar ya sa wandon shaddarshi na sallah, don a cewarshi ƙwararre ba ya ɓata tufa. Kafin hantsi jama'a sun cika tagogi, masu tallar ƙosai sun kafa kasko bakin danga.

Razin ɗin ana haɗa shi ne da wani ƙaramin gwangwani mai sa shi daskarewa, gwangwani guda ga bokiti guda. Majo na can tana duba wani mai ciwon ciki, ni kaɗai na ga Manzo ya juye gwangwani uku cikin bokiti guda.

"Kai, takarda ta ce guda!"

"Zaliha, kin taɓa shan shayin da anka sa wa ganye kaɗan? Abu in za a yi shi, a yi shi da ƙarfi."

"Bokitin na ɗaukar zafi fa."

"Alamar mai kyau ce."

To, gaskiya dai a faɗe ta ko a kan Manzo ne: aikin ya yi kyau. Ya ɗaura takalmin ƙusa, ya sa safar hannu da takunkumi, ya zuba razin shina bazawa, ɗaki ya koma shuɗi mai sheƙi, har kana ganin rufin kwano a ƙasa. Shina takawa ƙwas-ƙwas, ramukan na rufewa a bayanshi. Mutane sunka yi ta "Ikon Allah!" Na hangi Dije a taga tana murmushi, ni ma na ji daɗi har cikin raina. Na ce shi ke nan, bana ɗan kawuna zai yanka rago da hannunshi.

Saura ɗan wuri kaɗan a tsakiyar ɗaki, sai jama'a sunka dare. Malam Kalla ne, mahaifin Dije, ya taso tun daga Garhanga bisa amalanke don shi ga aikin surukinshi. Tsoho ne mai kwarjini, sai dai kunnenshi ya yi nauyi. Ya dogara sanda bakin ƙofa, ya yi sallama.

Manzo ya sandare. Ku da kanku kun sani, a ƙasarmu namiji ba ya gaida surukinshi a tsaye, balle da takalmi, balle da fuska a rufe. Na ga idonshi ya sauka kan takalmin, ya koma kan tsohon, ya sake sauka. Majo ta iso da gudu, ta gane abin da ke shirin faruwa.

"Manzo, kada ka cire! Ka gaishe shi daga nan!"

"Madam, Baba ne fa."

"Ko wane ne! Ka ƙarasa ka fito ka gaishe shi!"

"In bar Baba tsaye ina aiki? Gaban duk garin ga?"

Ya zare takunkumi. Ya tuɓe safar hannu. Ya kwance takalmin ƙusa ya aje gefe a tsanake, ya taka razin da tafin ƙafa, ya tsuguna, gwiwa guda a ƙasa, hannun hagu a ƙasa.

"Baba, barka da zuwa. An zo lafiya?"

"Iye?"

"An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya, Baba."

"Ina zafi?"

"Lokacinshi ne."

"Iye?"

"LOKACINSHI NE, BABA!"

"Madalla. Ina gida? Ina ɗiyan?"

Malam Kalla ba ya gaisuwar gaggawa. Ya tambayi kawuna, ya tambayi ƙafar kawuna mai ciwo. Ya tambayi jaki. Ya tambayi tunkiyar da ya ba Dije bara, ko ta haihu, da anka ce ta haihu ya tambayi ɗan. Kowace tambaya sau biyu, kowace amsa sau uku. Majo ta dafe kai. Ni kuwa ina ganin razin ɗin da ke kewaye da ƙafar Manzo ya bar motsi.

Daga nan tsohon ya ba da labarin rijiyar Garhanga da ta rufta, tun daga wanda ya gina ta. Sannan ya ce a yi addu'a Allah shi sa albarka a aikin. Kowa ya ɗaga hannu biyu. Manzo ya ɗaga guda. Ya ja na hagun, ya sake ja, ya shafa fatiha da hannu guda, zufa na ɗiga daga gemunshi.

Malam Kalla ya ce, "To tashi, ɗana, ci gaba da aikinka."

"To, Baba."

Bai motsa ba.

"Na ce ka tashi, na sallame ka."

"To, Baba."

Tsohon ya juyo ga jama'a, fuskarshi cike da farin ciki. "Kun ga ɗan mutunci? Samarin yanzu tun ba ka rufe baki ba sun miƙe. Wanga ko an ce shi tashi ba ya tashi. Wallahi na yi dacen suruki."

Illa ne ya fara fashewa, daga nan likita ta kaure. Masu ƙosai sunka baro kasko sunka zo kallo.

Na ce, "Injiniya, ko wannan ma hutun ƙwararru ne?"

Ya ce cikin haƙora, "Gwajin ƙarfin razin nike. Zaliha, don girman Allah ki kirawo wani."

Anka shimfiɗa katakai daga ƙofa. Illa ya rarrafa ya kama shi ta hammata ya ja, Manzo ya yi ƙarar da akuyar Majo ta sake tsinke igiya. Anka kirawo Mahaman wanzami da askarshi, ni na kawo man gyaɗa kwalba guda da ruwan ɗumi. Mahaman na ɓamɓara a hankali, ina zuba mai, Manzo na ba mu umarni yadda ake yi a Abijan. Hannu ya fita, ƙafafu sunka fita da ƙyar, fatar tafin ta ɗan saɓule. Wandon sallah kuwa ya ce shi da ɗakin ga mutu ka raba. Dole Mahaman ya yanka shi daga ƙugu, anka bar shi nan.

To ga mutum babu wando, ga surukinshi a ƙofa, ga rabin gari a taga. Majo ta miƙo abu guda da ke kusa, farar rigar kwali. Manzo ya dube ta, ya dubi taga, ya shiga cikinta ba gardama. Da yake ba ya iya taka ƙasa, anka kwantar da shi bisa katako, maza huɗu sunka ɗauko shi a kafaɗa.

Matan da ke bakin danga ba su ga abin da ya faru ciki ba. Su dai sun ga an fito da mutum miƙe cikin fari bisa katako. Sai kuka ya tashi, "Wayyo Manzo! Ɗazu-ɗazu fa ya wuce!" Wani har ya kama hanyar gidan liman.

Manzo ya ɗago kai daga bisa katakon. "Da raina! Jama'a, da raina nike! Madam, ban gaya miki ba?"

Na yi dariya ranar nan har haƙarƙarina ya yi ciwo. Amma da la'asar, da Majo ta shiga ɗakin ta ga wando a manne, ga sawu, ga katakai biyu sun kama, ga sauran razin ya daskare cikin bokiti, dariya ta ƙare. Babu sauran kayan da za a sake. Ta kira Manzo, ta yi mishi magana a hankali, ba faɗa.

"Ba ni iya tura sunanka, Manzo. Ka yi haƙuri."

Na zaci zai kawo zancen Abijan. Bai kawo ba. Ya ce, "To, Madam," ya ɗingisa ya tahi gida.

Kwana goma ƙafar ta warke, ya hau mota. A tasha na ji shina gaya wa fasinja wai kiran gaggawa anka yi mishi, wata likita ce can daɓenta ya gagari kowa. Da mota za ta tashi ya leƙo ya ce mini, "Zaliha, ga Dije nan." Na ce ya tahi abinshi, ba shi zai koya mini aikina ba. Sai da motar ta ɓace na ga ashe ni ma ina share ido.

Ma'aikacin Tawa ya zo daga baya da sabon razin, ya gurje, ya sake shafewa. Amma in ka tsaya daidai taga, har yau kana ganin inuwar ƙafa biyu da gwiwa da tafin hannu a ƙarƙashin shuɗin.

Dije ta zo wata Alhamis da hantsi. Ina riƙe da ita muna zagaya ɗakin, sai ta tsaya ta dubi ƙasa, ta fashe da dariya cikin ciwo, tana cewa, "Yaya Zaliha, ki dube shi, har yanzu bai tashi ba." Kafin azahar ta sauka lafiya, namiji.

Na kira Manzo. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayanshi, wani na mishi tsawa shi kauda baro.

"Namiji ne, Injiniya. Shi da uwar duk lafiya."

"Alhamdu lillahi! Ai dole, ɗakin da ni na fara shafe shi da hannuna! Ki gaya musu, irin wanga aikin ko a nan Abi..."

Na zaci layi ne ya yanke.

"Manzo?"

"Zaliha, kukanshi ne nike ji?"

"Shi ne."

"Matsar mini da wayar kusa da shi."

Wallahi tausayinshi ya kama ni, duk tsiyar da na shirya mishi na fasa ta. Na kara wayar kusa da bakin jaririn, na riƙe. Manzo ya yi ta saurare har kuɗin wayar sunka ƙare.